Jan Keke Mai Ƙahon Rago

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na faɗi a gaban dattawan unguwarmu ta Asata ba, ni da jan kekena, ƙafafuna ɗaure a feda kamar kazar da za a kai kasuwa. Yau gemuna ya yi fari fat, amma har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Jikokina sun san labarin faɗuwar, suna yi mini dariya har da riƙe ciki. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne abin da ya kai ni ƙasan, don wannan ɓangaren ba na dariya ba ne.

A Enugu aka haife ni. Babana yana sayar da wake da albasa a bakin kasuwar Ogbete, kuma duk unguwa an san shi da wani baƙin keke mai nauyi kamar jaki, mai faffaɗar kariya a baya, wato ƙarfen nan da ake ɗaura kaya ko a goya mutum. A kan kariyar nan na fara ganin gari, ina rungume da ƙugunsa. Da ƙasa ta rikice muka gudu Arewa a jirgin ƙasa, ina ɗan shekara goma sha uku. A turmutsutsun tasha aka tattake wa Baba gwiwar hagu, ba ta kuma sake komawa daidai ba. Keken kuwa ba shi da wuri a jirgi, sai ya bar shi amana wurin maƙwabcinmu, wani kafinta da muke kira Papa Emeka.

Bayan yaƙin basasa muka dawo, muka tarar da rabin rufin ɗakinmu babu. Kwana biyu da saukarmu sai ga Papa Emeka ya shigo yana turo keken. Ya rame har sai da Inna ta kasa gane shi. Ɗansa Emeka, abokin wasana, bai dawo daga yaƙin ba. A kan keken nan Papa Emeka ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauye, sandarsa ta karye aka yi mata walda, tayoyin kuma tsumma aka cusa musu maimakon iska. Daga baya matarsa ta gaya wa Inna cewa a tsakiyar yunwa an yi ta taya keken da garin rogo, ya ƙi sayarwa. A ranar dai ya jingina shi a bango ya ce, “Malam, see your machine,” wato ga kekenka. Baba ya kama kan keken, ya kama hannun mutumin. Ran nan na fara ganin hawayen ubana.

To, ka ji asalin keken da na raina.

Shekaru suka ɗan tura, kuɗin fetur ya buɗe, gari ya cika da rediyo da babura da samari masu wando fantalo. Ni ma na samu aikin akawu a wani ofis a unguwar Uwani, na tara gashi, na fara jin cewa in na taka ƙasa alfarma na yi mata. A lokacin gwiwar Baba ta hana shi tuƙi. Ranar da zan fara aiki ya kira ni ya ce, “Ga keke nan, naka ne. Ka je aikinka da shi. Abu ɗaya nake roƙo, ranar Juma'a ka riƙa goya ni zuwa masallaci, don ƙafar nan ta fara yi mini gardama.” Na durƙusa na yi godiya, na ce in sha Allahu. Na kuma cika alkawari wata uku cur (ina faɗin wannan ne don kada ka ɗauka tun asali ni ɗan banza ne, a hankali na zama).

Abin da ya lalata ni wani Bature ne da na gani wata safiya a hanyar ofis. Ya wuce ni fiu a kan wani siririn keke, kan keken a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, shi kuma ya sunkuya yana yanka iska. Ni ina baya ina nishi a kan tsohon keken Baba, ƙararrawa na kaɗa kanta a kowane rami. Tun daga ranar na kamu. Na riƙa gaya wa abokan aiki cewa irin wannan zan saya, in riƙa zuwa ofis cikin ƙiftawar ido, ranar hutu kuma in yi yawon duniya: yau Onitsha, gobe Fatakwal, wata rana ma har Kano. Ni da ko hawan tudun Ngwo da ke bakin gari ban taɓa gamawa ba sai da turi.

Aka ce mini sai Onitsha ake samun irinsa. Da aka yi mana ƙarin albashi, na ce wa Baba zan kai tsohon keken can a yi masa fenti a sake masa sarƙa, don masu gyaran Enugu ba su iya ba. Ya yi murna, har ya sa mini albarka. Na ɗora keken a kan mota, ni kuwa na san ba da shi zan dawo ba.

Mai kantin kekunan a unguwar Fegge ta Onitsha yake, sunansa Oga Sunday. Ya yi zaman Sabon Garin Kano kafin yaƙi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Kekuna biyu masu ƙahon rago gare shi. Ɗaya kore ne, tayoyinsa da ɗan kauri, da murfin da ke tare taɓo gaba da baya, da kariya ƙaƙƙarfa. Ɗayan ja ne wur, tayarsa kamar tsintsiya, sirdinsa kamar bayan wuƙa, babu murfi, babu kariya, ko ƙararrawa babu. A fedarsa akwai wani ɗan keji na ƙarfe da maɗaurin fata, inda ake zura ƙafa a ɗaure ta tamau. Na sa yatsa biyu na ɗaga shi sama. Shi ke nan, zuciyata ta tafi.

Mutumin nan, Allah ya sani, bai cuce ni ba. Ya ce, “Malam ƙarami, tsaya tukuna. Ina za ka riƙa zuwa da shi?”

Na ce ofis, da kuma doguwar tafiya.

“To koren ne naka. Titin Enugu ba titin Turai ba ne, ga rami ga jan taɓo. Doguwar tafiya kuma ina za ka ɗaura jakarka? Jan nan na mai tsere ne, ba ya ɗaukar komai sai mai shi. Zo ka tsaya a kansa in gani.”

Na ƙetara sandar na tsaya, sai da na yi ɗage kamar mai leƙen katanga. Ya girgiza kai ya ce wani dogon Bature aka yi wa odarsa bai zo ya karɓa ba, ni kuwa tsayina bai kai ba. Na ce zan saba. Ya ce mutum yana sabawa da talauci, amma ba ya sabawa da keken da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Sannan ya juya ya kalli tsohon keken da na zo da shi. Ya shafa kariyar, inda shekaru suka goge ƙarfen har yana sheƙi, ya ce, “Wannan wurin zaman mutum ne. Wa kake goyawa?”

Na ce, “Ba kowa.”

Haka na faɗa, ko tuntuɓen harshe ban yi ba. Ya karɓi tsohon, na yi ciko, na fito da ja.

Da na iso gida Baba yana zaune a tabarmar ƙofar gida. Bai kalli ƙahon ba, bai kalli giyar canza gudu da nake ta nuna masa ba. Ya miƙa hannu ya dafa tayar baya, tsirara, ya ce, “Ina kariyarsa?”

“Irin wannan ba ya zuwa da ita, Baba.”

“To. Na gidan fa?”

“Yana wurin mai gyara. Ya ce aikin da yawa, sai an kwana biyu.”

Ya ce, “Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya.” Papa Emeka ma ya leƙo daga shagonsa da fensir a kunne, ya kalli jan keken sama da ƙasa, ya tambayi ina tsohon, na maimaita masa ƙaryar da Turancin kasuwa. Ya koma ya ci gaba da fiƙar katakonsa.

Kafin mako ya zagayo na gane Oga Sunday bai faɗi ko rabi ba. Wuyana ya ƙage, tafin hannuna ya mutu, inda nake zama kuwa ba zan kwatanta ba saboda mutunci. Duk ranar da aka yi ruwa sai in isa ofis da jan layi tun daga ƙugu har ƙeya, kamar an yi mini alama da fenti. Faci kuwa ya zama mini kamar farilla.

Amma babbar matsalar ba a jiki take ba. A unguwarmu yaro ba ya wuce manya a kan keke. In ka hango tabarmar dattawa sai ka sauka tun daga nesa, ka turo shi, ka rusuna ka gaishe su, ka wuce, sannan ka hau. Baba da furfurarsa haka yake yi wa Liman lokacin da yake tuƙi. To ni kaina yana ƙasa, tayar gaba kawai nake gani, ƙafafuna kuma a ɗaure. Kafin in ɗago in kwance maɗauri na riga na wuce su. Aka fara cewa ɗan Malam ya zama Bature. Samarin unguwa kuma suka laƙaba mini Mai Ruku'u, wai kullum ina ruku'u amma ba a taɓa ganin na kai sujada ba. (Sun yi gaggawa. Sujadar tana tafe.)

Juma'a fa? Na ce wa Baba sabon shugabanmu ba ya sakinmu da wuri, amma da zarar tsohon keke ya dawo za mu ci gaba. Daga ofis nake wucewa masallaci, in tsaya a sahun ƙarshe a bakin titi, ana sallamewa in haye in gudu. Juma'a shida ban tambayi yadda Baba yake zuwa ba. Na gaya wa kaina tasi yake shiga. Ban tambaya ba ne don ina tsoron amsar.

Ta bakwai ita ce ranar. An yi ruwa da hantsi. Na sa farar babbar riga, wadda Baba ya ba ni daga cikin nasa, don na ƙudurta yau zan wanke sunana: in iso gaban dattawa a guje, in taka birki, in dira kamar soja, in kwashi gaisuwa, kowa ya ga zamani da ladabi sun haɗu a mutum ɗaya. Ina fitowa daga Uwani taya ta sace. Kafin mai faci ya gama an idar da salla. Duk da haka ban haƙura da shirina ba. Na naɗe rigar a kafaɗa, na zura ƙafafu, na ja maɗauri har ƙarshe, na gangaro layinmu.

Da na ɗago kai na hango su suna dawowa, Liman a gaba, dattawa a bayansa. Na matse birki. A daidai nan gefen rigar ya zame daga kafaɗata, tayar baya ta cafke shi ta naɗe. Keken ya tsaya cak. Na ja ƙafar dama, tana ɗaure. Na ja ta hagu, tana ɗaure. Da ma a ce da ƙarfi na faɗi, da an tausaya mini. A'a, a hankali na karkata, kamar buhun da aka jingina ba daidai ba, har ina da lokacin da zan ce “Salamu alaikum” kafin kafaɗata ta nutse a jan taɓo, taku biyu daga takalmin Liman. Na kwanta a gefe, hannuwana riƙe da ƙaho, har yanzu a sunkuye, tayar gaba tana ta juyawa a sama.

Liman ya amsa sallamar cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ba wanda ya yi dariya, kuma na so a ce sun yi.

Daga inda nake kwance na ga jama'a sun dare, sai ga Baba a can ƙarshen ayari. Ba tasi. Yana tafe yana jan ƙafa, gumi ya jiƙa masa hula, hannunsa ɗaya a wuyan Papa Emeka. Ashe duk Juma'ar nan shida mutumin nan ne yake rufe shagonsa, ya ba Baba kafaɗa har ƙofar masallaci, ya zauna a gindin mangwaro da carbinsa na coci a aljihu har a idar, ya sake rako shi gida. Duk unguwa ta sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, don kaina yana ƙasa.

Wasu suka yunƙura za su ɗaga ni, amma ba wanda ya san yadda ake kwance maɗaurin. Baba ya ce, “Ku bar shi, nawa ne.” Ya saki wuyan Papa Emeka, ya durƙusa a cikin taɓon a kan gwiwar nan da ko a salla ba ya iya lanƙwasa ta sai a zaune. Na ji ƙarar da ta yi. Ya lalubi fatar da yatsunsa, ya kwance dama, ya kwance hagu, ya warware rigarsa daga cikin taya a hankali don kada ta ƙara yagewa. Ya ce, “Ba ka ji ciwo ba ko?” Na miƙe tsaye garau, ko ƙwarzane babu. Shi ne ya kasa tashi. Sai da mutum uku suka ɗaga shi.

Bayan la'asar ya kira ni ɗaki. Gwiwar ta kumbura, Inna tana gasa masa da ruwan zafi. Na shiga ina jiran faɗa, har na ƙagu a yi mini shi. Ya ce, “Mai gyaran nan na Onitsha, in ka je ka ce masa ya bar aikin haka nan. Kada ya wahalar da kansa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya rufa mini asiri har a gaban uwata.

Da na fito Papa Emeka yana jirana a bakin shago. Ya ce tun mako na biyu ya je Onitsha sayen katako, ya ga keken a bakin kogi an lafta masa doya. Ya gane shi da waldar sandar, don a gabansa aka yi ta. Ya dawo ya gaya wa Baba, Baba ya roƙe shi kada ya yi mini maganar, wai yaro ne, zai dawo hanya da kansa. Bai zage ni ba. Ya ce kawai, “My pikin hungry, I no sell am.” 'Ya'yansa suna kukan yunwa bai sayar ba. Ni da ƙoshina na sayar, saboda Bature ya wuce ni a hanya.

Washegari Asabar na yi doguwar tafiyar da na daɗe ina cika baki a kanta, ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe a kan jan keken. Na ƙi shiga mota, ina ganin kamar wahalar za ta rage mini wani abu. Tun da sassafe na kama hanyar Onitsha, na tura a hawan Ngwo, na yi faci sau biyu, na isa Fegge da yamma ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Oga Sunday ya ce tsohon keken ya daɗe da tafiya. Wani mai doya ya saya, shi ma ya sayar wa wani daga ƙetaren kogi, ba wanda ya san garinsu. Na kwana biyu ina zaga kasuwa ina leƙen sandar kowane baƙin keke, har aka fara yi mini kallon ɓarawo.

Koren yana nan bai tafi ba. Na ce a musanya mini. Oga Sunday ya sa na tsaya a kansa, ƙafafuna suka taka ƙasa daram. Yana ƙara ɗaure kusoshin kariyar ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Wannan karon wa za ka goya?”

Na ce, “Babana.” Sai kuka ya ƙwace mini a tsakiyar kantin mutane.

Papa Emeka ya yanka katako ya yi wa kariyar mazauni, Inna ta ɗinka matashi. Na turo keken har bakin gadon Baba. Ya miƙa hannu ya dafa bayan, ya danna, ya ce, “Wannan ya yi. Bari ƙafar ta saɓe, sai ka kai ni.” Kowace Juma'a sai in goge keken in jingina shi a ƙofar ɗakinsa, shi kuma ya ce sai ta sama. Ƙafar ba ta saɓe ba. Ciwon ya haura jiki, aka yi na asibiti aka yi na gida, kafin damina ta ƙare Allah ya karɓi abinsa.

Likita ya ce da ma akwai wani ciwon a jikinsa, ba durƙuson ne ya jawo ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da su duka biyun, amma ba su ne suka ji ƙarar gwiwar nan a kusa da kunnensu ba. Kaya na farko da na ɗaura a sabuwar kariyar shi ne farin yadin likkafaninsa, daga kasuwar Ogbete zuwa gida. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma turo keken na yi, na kasa hawa.

Koren keken ya yi mini shekaru, ya kai ni ofis, ya kai ni garuruwa. Ranar Lahadi kuma, da ƙafafun Papa Emeka suka gaji, a kansa na riƙa kai shi coci, ni ina jira a gindin wata bishiya da hulata a gwiwa. Mai Ruku'u dai bai bar ni ba, har abokan 'ya'yana sun san sunan.

Kwanan baya jikana ya ja ni kanti wai in taya shi zaɓen keke mai ƙahon rago. Yana ta yi mini bayanin giya da rashin nauyi, yana ɗaga wani ja da yatsa biyu. Ni kuwa na zagaya baya ina lalube, har mai kantin ya ce, “Baba, ai ta gaba ake duba keke.” Na ce masa ni ma da haka na ɗauka, sai da na sha taɓo na gane gaban keke mutum ɗaya yake yi wa aiki. Na juya na tambayi yaron wa zai goya. Ya buɗe baki zai amsa, na ce ya tsaya tukuna, ya je gida ya duba sosai, don ni na taɓa amsa wannan tambayar da sauri.